Na tashi daga gidan haya, bayan wata bakwai mai gidan ya kai ni kotu

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shekara huɗu na yi ina haya a gidan wani Alhaji, naira 450,000 a shekara, ina biya ta hannun dillalinsa, ban taɓa jinkiri ba. Da kuɗina ya kusa ƙarewa sai aka aiko cewa haya ta koma 720,000. Na ce ba zan iya ba, zan tashi. Ban samu wuri da wuri ba, na je na sami Alhaji, ya ce ba komai, in zauna har Allah ya buɗa. Na ƙara wata biyu, sannan na kwashe kayana na ba dillali makulli. Bayan wata bakwai sai ga masinjan kotun majistare da sammaci har makarantarmu. Alhaji yana neman hayar shekara guda cur a sabon farashi, da 400,000 na gyara (fenti, silin, ƙofa ɗaya da kwashe sokawe), da 130,000 na bashin wuta, jimla 1,250,000. Alhali akwai 50,000 da na ajiye na ɓarna lokacin shiga, ba a dawo mini da ita ba, kuma na kashe kusan 90,000 wajen gyaran kwano da ke yoyo. Ƙofar kam yarana ne suka ɓalla ta. Wasu abokaina sun ce in share, ba abin da zai faru. Wani ya ce in je in musa komai. Maiɗakina ba ta iya barci. Saura kwana 12 a zauna. Me zan yi?

Wani magidanci, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya yaye, ya kawo mafita.

Na san abin da ya fi yi maka ciwo ba lissafin kuɗin ba ne, zuwan masinja wurin aikinka ne, a gaban abokan aiki da ɗalibai. Mutum mai mutunci yana jin wannan har cikin ƙashinsa. Amma ka natsu ka sake duba takardar. Sammaci kira ne, an ce ka zo ka faɗi naka. Alƙali bai ji komai ba tukuna, kuma adadin da ke rubuce buƙatar mai ƙara ce kawai, shi ya rubuta abinsa. Ƙarar ma ta neman haƙƙi ce, ba wanda ya ce ka yi sata ko zamba.

Abokan da suka ce ka share suna sonka, amma shawararsu ita ce hanya mafi sauƙi ta mayar da 1,250,000 ɗin nan bashi na gaske a wuyanka. Idan kotu ta tabbatar an ba ka sammaci hannu da hannu kuma ba ka zo ba, tana da ikon ta saurari mai ƙara shi kaɗai ta yanke hukunci a bayan idonka. Daga nan sai zartarwa: ko ma'aikatan kotu su zo su kwashi kaya a yi gwanjonsu, ko a aika wa bankinka umarni a riƙe abin da ke cikin asusunka, kai kuwa ma'aikaci ne, albashinka ta banki yake shigowa. Ana iya roƙon kotu ta jingine hukuncin da aka yi ba ka nan, sai dai dole ka kawo dalilin rashin zuwanka, ka kashe kuɗi da lokaci, kuma "abokaina ne suka ce in share" ba dalili ba ne a gaban alƙali. Saboda haka zancen zuwa a rufe shi: za ka je, a ranar, da sassafe. Ka kuma karanta duk takardun da aka haɗo da sammacin yau ɗin nan, don wasu ƙararrakin ana ƙayyade kwanakin da wanda ake ƙara zai shigar da amsarsa a rubuce tun kafin ranar zama.

Wanda ya ce ka musa komai shi na fi jin tsoron shawararsa, don tana da daɗin ji. Malam, akwai haƙƙin Alhaji a kanka, kai ma ka sani, shi ya sa ka ambaci wata biyun nan da ƙofa a wasiƙarka ba tare da an tambaye ka ba. Wannan halin naka shi ne babban jarinka a shari'ar nan, kada ka zubar da shi a ƙofar kotu. Mutumin da ya musa gaskiya da ƙarya gaba ɗaya, da zarar an kama shi a ƙaramin abu ɗaya, alƙali ya daina yarda da sauran maganarsa. Wanda kuwa ya miƙe ya ce wannan na amsa, wannan ban yarda ba ga dalilina, ya rage wa kotu aiki, kuma ya bar mai ƙara da nauyin tabbatar da ragowar. Ban da cewa akwai wata tsayuwar da ta fi ta gaban majistare.

Mu tsaya a kan "ba komai" ɗin nan, don a nan rigimar ta samo asali. Mu Hausawa muna ɗora wa kalmar nan kaya fiye da ƙarfinta. Kai ka ji ta a matsayin an yafe. Shi wataƙila abin da yake nufi, ba zan fitar maka da kaya waje ba, ka zauna, ma yi lissafi daga baya. Kunya ta hana ka ce "Alhaji, wata biyun nan nawa zan biya?", shi ma kawaici ya hana shi faɗa, kowa ya tafi da fassararsa a zuci. Izinin zama daban, yafe kuɗin zama daban. Idan ba ka da shaidar da ya ji shi da kunnensa ya ce ya yafe, ka ɗauka kana da biyan wata biyu, ka huta.

Nawa ke nan? A tsohon farashi, 450,000 a raba gida 12, wata ɗaya 37,500, wata biyu 75,000. A sabon farashi wata ɗaya 60,000, wata biyu 120,000. Kana da hujja mai ƙarfi ta tsayawa a kan tsohon, domin ƙarin haya tayi ne, ba ya zama yarjejeniya sai ɗan haya ya karɓa, kai kuwa ka ce ba za ka iya ba. Shi kuma zai iya cewa a biya shi daidai da abin da gidan ke kawowa a lokacin, abin da malaman fiƙihu ke kira ujratul misli. Ko wanne aka ɗauka, ka ga tazarar da ke tsakanin wannan da 720,000.

Hayar shekara guda cur ita ce mafi girma a cikin buƙatunsa, kuma ita ce mafi rauni, muddin ka iya nuna ranar da ka bar gidan. Duk shari'ar a kan makullin nan take juyawa. Lauyansa zai iya cewa Alhaji bai san ka tashi ba, ba a kawo masa makulli ba, gida ya zauna a rufe da sunanka. Amsarka ita ce dillalin. Mutumin da ya shekara huɗu yana karɓar haya a madadin mai gida, yana ba da rasit, shi ya kawo maka saƙon ƙarin kuɗi, wakilinsa ne, kuma abin da aka damƙa wa wakili ya isa ga wanda ya wakilta. Don haka ka nemo duk rasit ɗin da ya taɓa ba ka. Ka je ka same shi da kanka, cikin mutunci, ka tambaye shi ko ya tuna ranar da ka ba shi makulli da ranar da ya kai. Kada ka yi mamaki idan ya noƙe, abincinsa a hannun Alhaji yake. Kotu tana iya aika masa sammacin shaida idan ka nema, kuma ba shi kaɗai ya ga tashinka ba: akwai direban motar da ya kwashe kaya, akwai maƙwabta, akwai mai shagon bakin layi, akwai sabon mai gidanka da rasit ɗinsa mai kwanan wata.

Sannan ka bincika abu ɗaya da mutane ke mantawa: yaushe wani ya shiga gidan bayanka? A Kano ta yau gidan haya mai kyau ba ya daɗewa a rufe. Idan ya tabbata an sa sabon ɗan haya bayan wata ɗaya ko biyu da tashinka, to Alhaji yana neman haya biyu ke nan a kan gida ɗaya a lokaci ɗaya, kuma wannan magana ce da ba ta tsayuwa. Tambaya ɗaya a wurin tsohon maƙwabcinka za ta ba ka amsa.

Idan kun rubuta yarjejeniya lokacin shiga, ka lalubo ta ka karanta layi-layi, ko da abin da ke ciki ba zai yi maka daɗi ba. Wasu takardun suna da sharaɗin cewa ɗan haya ya ba da sanarwar tashi a rubuce wata kaza kafin ya fita, wasu suna ɗora masa yin fenti ko kwashe sokawe. Gara ka gani a ɗakinka da a karanto maka a gaban alƙali.

Zancen gyara kuwa, a nan dokar ƙasa da fiƙihunmu suka haɗu a wuri guda. A babin ijara, abin da aka ba mutum haya amana ne a hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya yi ta'adi ko sakaci. Dokar haya ma ta bambanta tsufan da zama ke jawowa da ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa. Gidan da iyali mai mutum shida suka yi shekara huɗu a ciki dole fentinsa ya dushe, wannan yana cikin abin da kuɗin haya ke biya tun farko. Silin da ya yi taswira ko ya rufta saboda kwano na yoyo, laifin kwano ne, kwano kuwa jikin gini ne, na mai gida. Ka ga gyaran da ka yi na 90,000 ya zama shaida a kan wannan: kafintan da ya hau saman zai iya faɗin halin da ya samu rufin. Ƙofa taka ce, ka amsa ta, amma ka amsa kuɗin ƙofa ɗaya irin wadda aka ɓalla. Ka je wurin masu sayarwa biyu ko uku ka ji farashi, su rubuta maka.

Kuma ka riƙe wannan: ba kai za ka tabbatar cewa ba ka ɓata gida ba, shi zai tabbatar cewa ka ɓata. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, sashe na 131, ta ɗora nauyin hujja a kan wanda ya yi da'awa, kamar yadda muka sani a hadisi cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Kuɗin gyara irin wannan ba a faɗinsa dunƙule a wuce. Sai an warware shi: fenti bokiti nawa, a nawa, wa ya yi aikin, yaushe, ina rasit, ina hoton yadda gidan yake kafin a taɓa shi. Wata bakwai lokaci ne mai tsawo, damina ma tana iya wucewa a ciki, kuma wajibi ne a nuna ɓarnar ta zamaninka ce.

Wuta ba ta buƙatar gardama. Ka ɗauki tsohon bil mai lambar asusun gidan ka je ofishin kamfanin wuta ka nemi bayanin asusun wata-wata. Zai nuna bashin da ka tarar, da wanda ya taru kana ciki, da wanda ya hau bayan ka fita. Na tsakiyan ne naka. Idan akwai shi, ka haɗa da abin da ka amsa.

Yanzu naka haƙƙin. Naira 50,000 ɗin nan an karɓe ta ne domin irin wannan ranar, don haka dole ta shiga lissafi, a cire ta daga duk abin da ya tabbata a kanka. Kana da damar shigar da taka buƙatar a cikin wannan ƙarar, ba sai ka buɗe sabuwa ba. Ta 90,000 kuwa ba zan ruɗe ka ba, ƙarfinta ya dogara ne da ko ka sanar da Alhaji ko dillali kafin ka yi aikin, suka amince za a biya ka ko a cire a haya. Idan akwai saƙo ko shaida, ka nema. Idan gaban kanka ka yi don ruwa na zuba a kan yara, ka ambace ta duk da haka, za ta yi maka amfani a zancen silin da kuma wurin sulhu, amma kada ka gina lissafinka a kanta.

Wayarka a yanzu ma'ajiyar shaida ce. Kada ka goge komai, kada ka sayar da ita, kada ka canza layi. Saƙonnin WhatsApp tsakaninka da dillali, saƙon murya, alat na banki, har hotunan suna ko na sallah da aka ɗauka a tsakar gidan, waɗanda bango da silin suka fito a bayan mutane, duk ka ware su. Kotu tana karɓar irin wannan shaida, sai dai sashe na 84 na dokar da na ambata ya gindaya sharuɗɗa a kan abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, har da takardar tabbatar da na'urar da aka ciro shi. Shaida mai kyau takan faɗi saboda rashin wannan 'yar takardar. Bayanin asusunka kuma ka karɓo shi daga banki da hatiminsu.

Wannan ne dalilin da ya sa nake so ka ga lauya a cikin makon nan, ko da zama ɗaya ne ya duba takardun ya tsara maka amsa. Doka ta ba ka damar tsaya wa kanka, amma ƙarar da ta haura miliyan ta cancanci kuɗin shawara. Idan aljihu ya yi ƙasa, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi taimakon shari'a, Legal Aid Council, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a Kano, za su duba ko ka cika sharuɗɗansu. Duk wanda ka samu, ka faɗa masa komai, har abin da kake jin kunyarsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka kuma kiyayi masu tare mutane a harabar kotu suna cewa sun san alƙali, a kawo wani abu a kashe magana. Duk kuɗin da za ka biya a kotu, a wurin biya za ka biya, a ba ka rasit.

Duk da wannan shiri, abin da na fi so maka shi ne maganar ta mutu a zaure. Shari'a mace ce mai ciki, kuma ko ka yi nasara, ɗage zama bayan ɗage zama zai ci maka ranakun aiki da kuɗin mota da kwanciyar hankali. Allah ya ce sulhu alheri ne, a Suratun Nisa'i, aya ta 128. Ka kuma yi wa Alhaji adalci a zuciyarka. Mai yiwuwa ne ya shiga gidan ya tarar da silin a lalace da ƙofa a ɓalle, ga bil, ga wata biyu ba ko sisi, kuma mutumin da ya yi wa kara ya tafi ba sallama, makulli ma a hannun dillali ya bari. A wasiƙarka ban ga inda ka koma ka yi masa godiya da bankwana ba. Sau da yawa adadin da ake rubutawa a takardar ƙara fushi ne aka mayar da shi lamba. Wannan bai halatta masa neman abin da ba nasa ba, amma ya nuna maka ta inda za a shiga.

Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka kira shi a waya kuna musayar zafafan kalamai. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin masallacin da yake salla, ko mai unguwa, ko wani dattijo abokin kasuwancinsa. Ka je da lissafinka a rubuce a takarda ɗaya: wata biyu kaza, ƙofa kaza, wuta kaza, a cire 50,000, ga abin da ya rage, ga lokacin da zan biya. Ka fara da ba shi haƙuri a kan tafiya ba sallama, wannan ba ya rage maka komai a shari'a. Idan zaman gida bai yiwu ba, ka gaya wa alƙali a zaman farko cewa kana son a ba ku dama ku sasanta. Kotuna suna maraba da haka, kuma ɓangaren shari'a na Kano yana da cibiyar sasanci ta musamman da ake tura irin waɗannan ƙararraki.

Sai dai ka ji wannan da kyau, don a nan masu gaskiya ke faɗawa rami na biyu. Maganar sulhu ba ta dakatar da ƙara. Ko Alhaji ya ce maka ya janye, ba sai ka je ba, ka je. Ka riga ka ga abin da "ba komai" ta jawo maka. Duk abin da aka daidaita a rubuta shi, da adadi da ranar biya, da jimlar da ke cewa wannan ya rufe duk wata buƙata a kan gidan, ku sa hannu da shaidu, a kai kotu ta karɓe shi a matsayin hukuncin da kuka amince da shi, ko a janye ƙarar a gabanka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka neman a rubuta ba rashin yarda da dattijo ba ne. Kuɗin kuma ta banki za ka tura, ka rubuta dalilin biyan, ko ka biya ta hannun kotu. Idan ba za ka iya biya lokaci ɗaya ba, ka nemi a raba maka wata-wata daidai da albashinka, kuma kada ka yi alkawarin abin da ka san ba za ka iya cikawa ba don kawai a tashi daga zaman.

Idan wani ya yi maka barazanar 'yan sanda, ka sani Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓanin yarjejeniya ko rigimar haƙƙi kawai. Magana tana gaban kotu, can za ta tsaya.

Maiɗakinka kuma, ina jin adadin nan na miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin ne yake hana ta barci, tana ganin za a zo a kwashe gado da kujeru a gaban maƙwabta. Daren yau ka zauna da ita da biro da takarda, ku yi lissafin nan tare, ta ga abin da ake magana a kai na gaskiya. Ka tambaye ta ranar da kuka tashi da wanda ya taya ku ɗaure kaya, mata sun fi mu riƙe irin wannan, kuma wataƙila tsofaffin rasit da bil ɗin da kake nema suna cikin akwatinta. Ka nemi izini a makaranta tun yanzu. Ranar zama ka isa kafin ƙarfe tara, ka sami magatakarda ka tabbatar da lambar ƙararka tana cikin jerin ranar, ka riƙe takardunka na asali da kwafi biyu na kowacce. Idan aka kira sunanka ka miƙe ka amsa, ka yi magana da alƙali, ba da Alhaji ba, kuma kafin ka bar harabar ka rubuta ranar da aka ɗage zaman zuwa gare ta.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba kowa haƙƙinsa.